Takardun kakanmu, da wata warƙa da na so a ce ban karanta ba

Jikan Malam, Bilbis, Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun bayan sallar layya, kuma dole sai na yi ƴar shimfiɗa kafin in kai ga tambayar, don haka a yi mini haƙuri da tsawon bayani.

Sana'ata gyaran wayoyin salula da kwamfuta ce a nan Tawa, karatuna na zaure kuwa bai wuce Ahalari da Ishmawi da ƴan babukan farko na Risala ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, aka buɗe wata tsohuwar adaka da ke ƙuryar ɗakinsa, aka tarar da gafaka huɗu cike da takardun rubutun hannu, waɗanda suka gangaro daga kakansa, mutumin da muka taso muna jin cewa malami ne mai zaure da almajirai. Cikin magada babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube su, domin hankalin kowa yana kan gida da gona, sai aka ce tun da ni ne mai son tarkace, in kwashe in adana.

Shekara biyu ke nan, kusan kowane dare bayan isha'i nakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, in fito da warƙa goma ko ashirin, in auna tsawonsu da faɗinsu, in ƙirga layukan kowane shafi, in rubuta launin tawada, sannan in shigar da komai cikin wani jadawali da na tsara a kwamfuta. Daren da na fara haska tocila ta bayan wata warƙa, na ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, babba da matsakaici da ƙarami, ban runtsa ba sai wajen asuba. Yanzu ina iya rarrabe hannun marubuta biyar. Akwai wanda ke jan wutsiyar harafin nun har ta faɗa layin ƙasa, akwai kuma wani mai rowar takarda da ke cusa layi 27 a shafin da ɗan'uwansa zai sa 15. Mai ɗakina ta daina kiran adakar da sunanta, sai dai ta ce mini ga amaryarka can tana jira.

Daga nan tambayata ta farko ta taso. Wata Juma'a liman ya karanta Suratul Jumu'a, da ya zo aya ta 5, inda Allah ya buga misali da jakin da ke ɗauke da littattafai, sai na ji kamar da ni ake. Gaskiyar magana, takardar ta fi ɗaukar hankalina a kan abin da aka rubuta a kanta. Na san kaurin kowace warƙa, amma ban haddace ko baiti ɗaya daga waƙoƙin wa'azin da ke ciki ba, ban kuma ƙara raka'a ɗaya ta nafila saboda su ba. Har fahari na kama zuciyata tana yi, domin a ƙarshen wata waƙa ta ajami mawaƙin ya ce ramzinta, wato kalmar da lissafin haruffanta ke ba da shekarar waƙar, shi ne "sharafu", na ɗauko jadawalin lissafin haruffa daga intanet, na sami shin 300, ra 200, fa 80, jimla 580 bayan hijira, wato wajen 1184 a lissafin Nasara, kuma saura ƙiris in bi gari ina shelar cewa a gidanmu waƙar Hausa mafi tsufa take. Shin wannan sha'awa tawa hidima ce ga ilimi, ko kuwa son tara abin duniya ne da ya sanya rawani?

Ta biyun ta fi nauyi. A gafaka ta huɗu, tsakanin warƙoƙin wani littafin fiƙihu, na tsinci wata takarda da ba ta cikin littafin. Rabon gado ne da Larabci mai sauƙi, kuma sunan kakan mahaifinmu yana cikin magada, wato dukiyar gidanmu ce ake rabawa. An jera raƙuma da shanu da turkuɗi da takobi da littattafai, an yi wa kowanne kima da kuɗin wuri, sannan a layi na gaba, da hannu ɗaya da tawada ɗaya, aka rubuta bawa guda da kuyangi biyu, da sunayensu da kimarsu. Ɗaya daga cikin sunayen ba baƙo ba ne a kunnena, domin har yau akwai gidan da ke raɗa wa ƴaƴansu mata shi don tunawa da kakarsu, gidan nan kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, tare muke suna da biki da zaman makoki, mu yara kuma an ce mana dangi ne na nesa.

Na nuna wa ƙanen mahaifinmu, ya ce in ƙone ta a daren nan, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hannuna ya ƙi. Niyyata tun farko ita ce in ɗauki hoton dukkan takardun in kai Yamai inda ake adana irinsu. In na zare wannan warƙa, ina jin na ci amanar abin da aka ba ni ajiya. In na bar ta kuma, na tona asirin mamatan da ba su da bakin kare kansu. Wanne ya fi kusa da daidai?

Tsohon Malamin Lakwal, Bukoki, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Hukuncin shari'a na bar wa masu shi, amma lissafinka na ramzi ba zan iya tsallake shi ba, domin fiye da shekara 30 na yi ina bin lissafin yara da jan biro, kuma hali zanen dutse ne. Jadawalin da ka ɗauko na mutanen gabas ne, su Masar da Sham da Hijaz, alhali malamanmu da lissafin Magrib suke aiki, kamar yadda suka ɗauki ƙira'ar Warshu da salon rubutun da ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya tak a sama. Lissafin biyu sun yi daidai a yawancin haruffa, sun saɓa a guda shida: a na Magrib sad 60 ne, lad 90, sin 300, za mai hannu 800, gain 900, shin kuwa 1000. Ke nan "sharafu" ɗinka 1000 ne da 200 da 80, wato 1280 bayan hijira, shekarar da ta faɗo tsakanin 1863 da 1864. Shi ya sa za ka ga ramzin waƙoƙin zamanin Shehu da ƴaƴansa da "shar" suke farawa, saboda a cikin shekarun 1200 aka yi su, waɗanda suka zo bayan 1300 kuma sai su fara da "shas". In kana son juyawa ba tare da kwamfuta ba, ninka shekarar hijira da 0.97 ka ƙara 622, ba za ka kauce da fiye da shekara ɗaya ba.

Ko da ba a yi lissafi ba, takardar da kanta ta ƙaryata 1184. Watannin nan uku da suka hana ka barci tambarin masu yin takarda ne. Tsummoki ake jiƙawa a daka har su zama kamar kunu, a ɗebo da rariya, tambarin kuwa da siririyar waya ake ɗinka shi a jikin rariyar, sai wurin ya fi sauran takardar rashin kauri, haske ya riƙa ratsa shi. A garin Fabriyano na Italiya aka fara wannan dabara wajen ƙarshen ƙarni na 13, kimanin shekara ɗari bayan shekarar da ka lissafa. Takarda mai wata uku a arewacin Italiya ake yin ta domin kasuwar ƙasashen Musulmi, kuma a ƙarni na 19 ayari ne ke ɗauko ta daga Tarabulus, su keto hamada ta Gat da Agadas har ta iso kasuwannin ƙasar Hausa. Ka ci gaba da haskawa, watakila a wata warƙar ka ga sunan Andrea Galvani na garin Pordenone, wanda takardarsa ta yawaita a hannun malamanmu.

Ka kuma lura cewa ramzi shekarar da aka tsara waƙa yake faɗi, mai kwafe ta kuwa yana iya zuwa bayan shekara hamsin ya kwafe har da ramzin. Ina da tsofaffin dalolin azurfa uku masu hoton Mariya Tereza, irin waɗanda iyayenmu mata ke ratayawa, dukkansu 1780 ne a jiki, domin duk wadda aka buga bayan rasuwarta a wannan shekara haka ake sa mata, ko da a ƙarni na 20 aka buga. Kada ranka ya ɓaci don ka yi asarar kusan shekara 700 a dare ɗaya. A 1864 Nana Asma'u ta rasu a Sakkwato, Faransawa kuwa ba su sa ƙafa a Adar ba sai wajen 1900, don haka abin da ke hannunka ba ƙarami ba ne.

Game da adanawa, kada ka liƙa salatif a kan yagaggiyar warƙa, kada ka kulle su cikin leda, kada kuma ka bari wani ya ruɗe ka da a manne su cikin roba da zafi, domin wannan ba a warware shi. Ka ɗaga adakar daga ƙasa ka raba ta da bango saboda gara. Hoto kuwa ka ɗauka da rana a inuwa, da ma'auni a gefen kowace warƙa, kuma a yadda ka tarar da su a jere, tun kafin ka fara gyara jerin. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke ajiyewa ita kaɗai a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba. Wurin da kake nufi a Yamai shi ne sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Abdu Mumuni, inda ake da wajen rubuce-rubuce 4,000, tushensu kuwa abin da marigayi Bubu Hama ya tattara lokacin da yake shugabancin majalisar dokoki. Ka ajiye hotunan a wuri biyu ko uku. Abin da ya sami cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu a watan Janairun 2013, inda aka ƙona dubban takardu, ya ishe mu shafa wa namu gemun ruwa.

Almajirin Zaure, Madawa

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Baba da alheri, ni ma na ƙaru. Ɗan'uwa, ayar da ta tsorata ka tana magana ne a kan mutanen da aka ɗora wa littafi, suka san abin da ke cikinsa, sannan suka ƙi aiki da shi. Wanda ya tsare takardar ilimi daga gara da ruwa bai shiga wannan zargi don tsarewar ba, kuma tsoron da ya kama ka a sahu alama ce ta zuciya mai rai. Abin da yake halas a asalinsa niyya ce ke ɗaga shi ko ta kayar da shi, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Marubutan nan biyar da kake gane hannunsu, har da mai rowar takardar, ladarsu tana rataye da wanzuwar abin da suka rubuta, kai kuma kana cikin masu riƙe musu igiyar.

Ciwon da nake ji maka yana wani wuri daban, kuma kai da kanka ka nuna shi: daren da ka so bin gari kana shelar cewa a gidanku waƙa mafi tsufa take. Wannan shi malamai ke kira ujubu, wato jiji da kai, kuma ɗan'uwan gasar tara abu ne da Suratut Takasur ta yi gargaɗi a kai, domin zuciya ba ruwanta da ko raƙuma ake tarawa ko warƙoƙi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, rubu'i guda na littafinsa Ihya'u ya ware wa halaye masu halakarwa, riya da girman kai da ujubu suna ciki, kuma ya nuna cewa masu ilimi sun fi kowa kusa da wannan rami. Ka gwada kanka da tambayoyi biyu. Da za a ce har ka mutu babu wanda zai san kai ne ka yi wannan aiki, za ka ci gaba da shimfiɗa ƙyallen nan? Da kuma wani almajiri zai zo ya ce yana son ya kwafi littafi ɗaya, za ka ji daɗi ko ƙirjinka zai yi ƙunci? Magani kuwa mai sauƙi ne: kowane mako ka ɗauki hoton waƙa ɗaya ka kai gaban malami ka karanta ta baiti baiti, domin ilimi daga bakin malamai ake ɗaukarsa. In ka shekara a haka, mai auna takarda ya zama mai karatu ba tare da ya bar awonsa ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa. Adakar nan ba taka ba ce. "Kwashe ka adana" ajiya ce, ba kyauta ba, littattafai kuma dukiya ce da ke shiga cikin gado kamar gona, kowane magaji yana da rabonsa a ciki, mata da maza, kuma tun da daga kakan mahaifinku suka gangaro, mai yiwuwa masu haƙƙi sun wuce ƴan ɗakinku. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta a yi hubusi da littattafai, don haka hanya mafi tsabta ita ce ka tara magada su yarda a gaban shaidu cewa an tsayar da su domin masu karatu, ba a sayarwa ba a rabawa, sannan a naɗa mai kula da su.

Ita kuwa warƙar gadon, ban ga halaccin ƙone ta ba, domin shaida ce, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta haƙƙoƙi. Amma shawarata ita ce ta zauna a gida, kada hotonta ya fita. Nana A'isha ta ruwaito hani ga zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma sau biyu a Baƙara, aya ta 134 da ta 141, Allah ya ce waccan al'umma ce da ta shuɗe, tana da abin da ta aikata, ku ma kuna da naku. Mallakar bayi abu ne da fiƙihun zamaninsu ya san da shi, ba mu kuma san ta wace hanya waɗannan mutane suka shigo gidan ba. Wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi. Allah ne mafi sani.

Ƴar Adar, Harobanda, Yamai

Allah gafarta Malam, na karɓi dukkan abin da ka faɗa a kan niyya da haƙƙin magada, musamman da ka tuna da mata, amma a kan warƙar ina da ja, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara. Na lura cewa ƙanen mahaifinsu da Malam da shi kansa mai tambaya, duk suturar mai dukiyar suke tunani. Mutum uku aka rubuta a layin nan bayan takobi da turkuɗi, har yanzu kuwa babu wanda ya tambayi abin da su suke bin mu.

Ƙanena, ka fara da sanin cewa ba asirin kakanka ka gano ba. Ranar da aka rubuta takardar nan a gaban shaidu aka rubuta ta, babu wanda ya ji kunya, watakila ma abin alfahari ne a ce gidan ya bar bayi uku. Kunyar tamu ce, mu na yau, kuma in mun ɓoye warƙar, kanmu muka suturta. Su malaman da ba su ɗauki al'amarin a matsayin abin da ba a taɓawa ba. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta amsa ga masu tambayarsa a kan wa ya halatta a bautar, ya ce mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Sangai Musulmi ne, mallakarsu ba ta halatta, kuma Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi cikin jiharmu ta Tawa a 1754, yana cikin abin da ya soki sarakunan zamaninsa da shi bautar da ƴaƴan Musulmi. In su sun yi tambayar a rubuce, ban ga dalilin da zai sa mu jikoki mu ji tsoron takardar da ke nuna yadda abin ya kasance a cikin gida ba.

Tarihin Adar da muke da shi galibi na masu sarauta ne, su Agabba ɗan Sarkin Agadas da zuriyarsa ta Illela, da yaƙoƙi da ƙawance, kuma ko babban aikin da Farfesa Jibo Hamani ya fitar a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya dogara ne da abin da ya tsira a baki da a takarda. Talaka da mace da bawa ba sa shiga jerin sarakuna. Inda ake samunsu shi ne irin wannan warƙa, ta gado da bashi da sayen gona, kuma mai yiwuwa ne layin nan shi ne wuri ɗaya tak a duniya da aka taɓa rubuta sunayen waɗannan bayin Allah uku. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, ya sa son ɓangare da neman faranta wa manya a cikinsu. In kowane gidan malamai ya zare warƙar da ba ta yi masa daɗi ba kafin ya kai Yamai, za a wayi gari ɗakin ajiyar ya cika da kakanni salihai da babu mai ƙura a rigarsa, jikokinmu kuma su rantse cewa ba a taɓa yin haka a ƙasar nan ba.

Sai dai akwai sutura ta gaske a nan, kuma ta maƙwabtanku ce. Faransawa sun hana cinikin bayi da dokar 12 ga Disamban 1905, ƙasarmu ta mayar da bautarwa babban laifi a 2003 da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, amma a 2008 sai da kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a nan Yamai ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙwanni. Mu ƴan Adar mun san cewa har gobe in an zo neman aure akwai tsohuwar da za ta koma gefe ta tambayi asali, mun kuma san auren da ya mutu a kan amsar. Hoton warƙar nan in ya shiga WhatsApp da sunaye a fili, ba kakanka zai cutar ba, yarinyar da ke ɗauke da sunan a yau ita za ta biya. Don haka abin da nake gani shi ne ka ɗauki hotonta cikakke ka haɗa da sauran, ka shaida wa masu ajiyar abin da ke ciki, ka gindaya sharaɗin kada a bayyana sunayen, duk kwafin da zai shiga hannun jama'a kuma a rufe su. Kada kuma ka ɗauki takarda ka tsallaka katanga da sunan faɗin gaskiya. Ina kyautata zaton dattawan gidan sun san abin da ka sani tun kafin a haife ka, su da naku suka zaɓi kalmar dangi, kuma ba kai za ka warware musu ita ba.

Tambayarka ta farko kuwa, ni a ganina warƙar ta amsa ta. Mutum nawa suka buɗe gafakar nan a cikin shekara ɗari don neman albarka suka mayar? Sai mai ƙirga layi ne ya lura cewa akwai takardar da ba ta cikin littafin.

Almajirin Zaure, Madawa

Malama, babu abin neman afuwa, gaskiya ɓatacciyar dabbar mumini ce. Na karɓi gyaran, domin na dubi mamaci na manta da rayayye, alhali sukar nasaba tana cikin al'amuran jahiliyya da hadisin Muslim ya ce za su wanzu a cikin al'umma. In za a rufe sunayen kamar yadda kika tsara, na janye maganar a tsare ta a gida. Abin da ban janye ba shi ne yardar magada, har da ƙanen mahaifinsu, domin ba a gyara amana ɗaya da karya wata. In ya ƙi, sai a yi ta lallashi, ko da za a shekara. Ina kuma roƙon ɗan'uwa, in ya zauna yi wa kakanninsa addu'a, ya riƙa ambaton mutum ukun nan da sunayensu, tun da Allah ya sa shi ne ya san su.

Jikan Malam, Bilbis, Tawa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na gyara jadawalin, na kuma sami wasu waƙoƙi biyu masu farawa da "shas" waɗanda da na rasa yadda zan yi da su. Malam, tambayarka ta biyu ta kama ni, domin watanni uku da suka wuce wani almajiri ya nemi aron littafi ɗaya na ce masa ba ya nan, alhali yana nan. Jiya na aika masa da hotunan.

Yaya, akwai abin da ban faɗa ba a farko. Tun ranar da na tsinci warƙar nake juya ta, ina duba bayanta da gefunanta, har da tocila, ina fatan in ga inda aka ce an ƴanta su, don in samu abin da zan kare gidanmu da shi. Babu komai sai watannin nan uku. Daren jiya na je wurin gwaggonmu, wadda ita ce babba a cikin waɗanda suka rage, na fara kewaye-kewaye, sai ta katse ni ta faɗi sunayen uku a jere kamar yadda suke a takardar, ita da ba ta taɓa karanta harafi ba. Ta ce ƙaramar cikinsu ita ta goyi mahaifinta. Ta kuma ce ita za ta yi wa ƙanen nata magana, kada in sake tayar masa da zancen.

Abu ɗaya ya rage da bayanin Baba ya sa na lura da shi. Layin ƙarshe na warƙar bai kai ƙarshen jimla ba, kuma a ƙasan shafin ta hagu akwai kalma guda ita kaɗai, wadda da na ɗauka gwajin alƙalami ne. Na bi farkon dukkan warƙoƙin gafaka huɗun, babu wadda ta fara da ita. Gwaggo ta ce da gafaka biyar ne, ɗaya ta bi wani ɗan'uwan kakanmu da ya koma Keita tun kafin a haifi mahaifinmu, kuma jikokinsa suna can har yanzu. In Allah ya kai mu ƙarshen wata zan rufe shago kwana biyu in je in gaishe su, in tafi da ma'auni da farin ƙyalle. Baba, in sun yarda na buɗe ta amma ba su yarda in fita da ita daga ɗaki ba, yaya ake ɗaukar hoton tambarin cikin takarda da wayar salula ba tare da hasken ya wanke rubutun ba?